Mallaka a cikin labarin soyayya

'Yar'uwa daga unguwar Nima ta Accra, kin tambaya ko ya dace jarumin littafinki ya yi wa yarinya asiri har ta so shi, su ƙare da aure cikin farin ciki.

Rubuta asirin ba laifi ba ne. A zangonnin Accra da Kumasi kowa ya san zancen mallaka da farraƙu, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci sihirin raba miji da mata. Abin da ya dame ni shi ne ƙarshen. Yarinyar da aka juya wa hankali ba ta amince ba, ko da bakinta ya ce e. Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ma ba ta karɓar yardar wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko wadda aka samu ta yaudara. In kika kira wannan soyayya, kin wanke mai laifi a idon 'yan matan da ke karanta ki a WhatsApp.

Ki bari asirin ya karye. Ki ba ta babi guda nata, ta farka, ta tuna, ta yi fushi, sannan ita da kanta ta yanke ko za ta zauna.