Binciken gwamnati yana amfanar talaka a nan Arewa?

Malam, ka tambaya ko kuɗin da gwamnati ke zubawa a binciken kimiyya yana kaiwa ga talakan Arewacin Kamaru, ko duk a ofisoshin Yawunde yake ƙarewa. Yana kaiwa, ko da yake bai kai yadda muke so ba.

Duba LANAVET, ɗakin binciken lafiyar dabbobi na ƙasa, da ke Bokle, kusa da Garwa. Can ake haɗa rigakafin ciwon huhun shanu da na annobar awaki da tumaki, kuma nonon dabbobin nan muke sha, namansu muke ci. Akwai kuma reshen Centre Pasteur, cibiyar gwaji da binciken cututtukan mutane, a Garwa. Idan ana zargin sanƙarau, ruwan ƙashin bayan majinyaci ake gwadawa a gane nau'in ƙwayar cutar. Irin wannan bin diddigin ne ya nuna nau'in A ne ya fi kashe mu a da a lokacin zafi, har aka kawo rigakafinsa mai suna MenAfriVac Kamaru da Chadi a 2011.

Abin da ya fi damuna ruwan sha ne. A ƙauyukan yankin Mayo Tsanaga, a Arewa Mai Nisa, za ka ga yara haƙoransu sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, iyaye su ɗauka rashin goge baki ne. Masu bincike sun auna rijiyoyin yankin, suka samu sinadarin fuloraid daga duwatsu ya haura miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yawansa a ruwa ne ke ɓata haƙoran. Tafasa ruwan ba ya cire shi. Don Allah idan an haƙa muku burtsatse, ku nemi a gwada ruwan, a nuna muku sakamakon kafin yara su fara sha.