Keken agajin gaggawa kullum ba ya cika, ina mafita?

'Yar'uwa, kin ce duk sa'ad da zuciyar majinyaci ta tsaya sai ku tarar da wani abu ya ɓace a keken agaji, wato akwatin nan mai taya da ake ajiye magunguna da kayan ceton rai a asibiti. Yawanci laifin aro ne: a ɗauki sirinji ko kanula (siririn bututun da ake sakawa a jijiya) a ce za a mayar, shi ke nan. Ku riƙa rufe keken da hatimin roba mai lamba. In an tsinke shi, a sake duba keken gaba ɗaya.

Kowace rana mutum ɗaya ya duba ya sa hannu. Ba leƙawa kawai ba, gwadawa: na'urar farfaɗo da zuciya tana caji? Fitilar duba maƙogwaro tana kamawa? Tukunyar oksijin da jakar hura iska fa? Na'urar zuƙo majina tana ja? Mutane sukan kula da wa'adin magungunan zuciya irin su adirenalin da amiyodaron, su manta cewa faifan na'urar farfaɗo da zuciya da ake manna wa ƙirji ma yana da wa'adi, mannensa kan bushe.

Da zarar an gama amfani, a cike nan take, kada a bar wa masu karɓar aiki. Jerin magunguna kuwa mai harhaɗa magunguna da likita za su tsara, na'ura in ta ba da matsala a kira injiniyan kayan asibiti.