Murhun gashi mai Wi-Fi: zai yi tsire kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a Houston ta jihar Texas. Maƙwabcina yana da wani murhun gashi mai cin ƙwayoyin itace, yana kishingiɗe a falo yana sarrafa shi da waya. Ni kuma tsire da balangu nake marmari, ga layya na tafe. Maiɗakina ta ce almubazzaranci ne. In saya? Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar waya tukuna, mu fara da abin da za ka gasa, don nan ne masu saye suka fi yin da-na-sani.

Wannan murhu tanda ce mai hayaƙi. Ƙwayoyin da yake ci dusar katako ce da aka matse, sai ka ce abincin kifi. Ka zuba su a akwatin gefe, wani murɗaɗɗen ƙarfe ya riƙa tura su kaɗan-kaɗan zuwa ɗan kaskon wuta, sandar lantarki ta kunna su, fanka ta hura. Tsakanin wutar da naman akwai faranti na ƙarfe, don haka zafi da hayaƙi ne ke zagaya naman, harshen wuta ba ya taɓa shi. Wani Ba'amurke, Joe Traeger, ya ƙirƙiro shi a jihar Oregon, ya yi masa rajista a 1986. Da wa'adin rajistar ya cika a 2006 sai kamfanoni suka yi caa: Pit Boss, Camp Chef, Green Mountain, Recteq, daga baya har Weber.

Inda ya fi kowa shi ne gashin a-hankali. Ka shafe cinyar rago ko haƙarƙari da yaji, ka saita zafi wajen digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, ka rufe, ka tafi sabgarka. Bayan awa biyar ko shida nama ya yi luguf, ƙashi na zamewa da kansa. Bandar kifi da kaza ma ba a magana. Tsire kuwa garwashi yake so, kitse na ɗiga wuta na tashi, ƙuli-ƙulin ya ɗan babbake a gefe. Yawancin waɗannan murahu iyakarsu wajen digiri 260, kuma zafin a lulluɓe yake. Tsirenka zai dahu, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba zai ce da sauran magana. In tsiren ne kan gaba, nemi irin wanda ake zame farantin a buɗe wuta kai tsaye; wasu samfuran Pit Boss da Camp Chef suna da wannan. Ko kuma ka sayi ƙaramin murhun gawayi ka ajiye a gefe, ba zai ci maka kuɗi ba.

To, Wi-Fi ɗin. Amfaninsa na gaskiya ɗaya ne: ka soka ma'aunin zafi a cikin naman, wayarka ta sanar da kai idan ya kai, misali digiri 74 ga kaza, ko idan wuta ta mutu kana barci. Ga gashin awa goma wannan taimako ne babba. Ga naman minti arba'in kuwa ado ne kawai. Ka sani yawancinsu da zangon 2.4 GHz kaɗai suke haɗuwa, saboda haka ɗauki wayarka ka tsaya a bayan gida inda za ka girke shi, ka ga ko sabis na kaiwa. Ka kuma tabbatar ana iya sarrafa komai daga maɓallan jikinsa ko da manhajar ta ƙi.

A shago, ɗaga murfin ka ji nauyinsa. Mai shafal-shafal zafi yake zubarwa, ya cinye maka ƙwayoyi lokacin sanyi. Duba ko akwatin na da ƙofar zazzagewa, don Houston akwai laima, ƙwayoyin kuma da sun sha danshi sai su kumbura su toshe ƙarfen. Tambayi yadda ake kwashe toka da shekarun garanti. Buhun ƙwayoyi mai laba 20, wajen kilo 9 ke nan, murhun kuma yakan tafi da laba ɗaya zuwa uku a awa gwargwadon zafi. Kada ka kuskura ka zuba ƙwayoyin dumama ɗaki, na girki daban ne. In gidan haya kake a bene, tambayi masu gidan tukuna, da yawa sun hana gashi a baranda.

Hajiya tana da gaskiya idan sau biyu a shekara za a kunna shi. In kuwa duk ƙarshen mako kuna gashi, ɗauki matsakaici, kada ka bi na dala dubu biyu.

Tambaya: Ni a Kano nake, ƙanena zai turo min ɗaya daga Amurka. Ya dace?

Amsa: Yallaɓai, ban ba ka shawara ba. Na Amurka an yi shi ne don wutar lantarki mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce, sai da tiransifoma. Ba ya shan wuta sosai, wajen wat 300 a 'yan mintocin kunnawa, sannan ya sauka ƙasa da 100, don haka inbata za ta riƙe shi. Amma ana ɗauke wuta fanka ta tsaya, gashi ya tsaya. Babbar matsalar ita ce ƙwayoyin: ba ya cin gawayi, ba ya cin ice, duk buhun da ya ƙare sai an sake yi maka oda. Ka ce wa ƙanen naka ya turo maka ma'aunin zafin nama mai haɗuwa da waya, ka kai wa mai walda ganga ya yanka maka murhu mai murfi.