Karena ya ƙi sabawa da wurin bayan gida a sabon gida

Malam, ka ce tunda kuka tashi daga Barnawa kuka koma Unguwar Rimi, karenka yake riƙe fitsari wuni guda, sannan ya sake shi kusa da wurin alwala. Ba taurin kai ba ne. Kare da hanci yake gane makewayinsa, kuma nan bai ji warin kansa ko'ina ba. Ƙila ma can ƙasa ya saba takawa, nan kuwa duk siminti ne.

In da hali, ɗebo ƙasa daga inda ya saba yi, ka zuba a lungu ɗaya nesa da rijiya. Da asuba, da bayan kowane cin abinci, ja shi can da igiya, ka tsaya minti 10 shiru. Yana gamawa ka ba shi ɗan nama nan take. Don Allah kada ka doke shi, duka zai sa ya riƙa ɓuya ne kawai. Inda ya ɓata, wanke da Omo sosai har warin ya fita.

Amma idan ya kai awa 24 bai yi fitsari ba, ko yana yunƙuri yana kuka, kai shi wurin likitan dabbobi ranar.