Amsa: Bambancin ɗango da baiti

Ƙanwata, kin tambayi bambancin ɗango da baiti. Ɗango layi ɗaya ne na waƙa. Ɗangwaye su ke haɗuwa su tayar da baiti. Mai layi biyu ƙwar biyu, mai biyar ƙwar biyar.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe kuwa amsa-amo ne. A ƙwar biyar, ɗangwaye huɗun farko na ƙarewa da sauti ɗaya, shi ne ƙaramin amsa-amo, yana sauyawa baiti-baiti. Na biyar ke ɗauke da babba, har ƙarshen waƙa ba ya canzawa.

Ki nemi diwanin rubutattun waƙoƙi a ɗakin karatun Jami'ar Bayero, ki rera da baki, kina ja wa gaɓar ƙarshe layi da biro. A ganina kunne ya fi hadda saurin kamawa.