Shawarar Lauya: Neman Aiki a Kamfanonin Kayan Soja ta Intanet

Tambaya: Barista, daga Pantami a Gombe nake, ina da babbar difloma a fannin lantarki. Na cike takardar neman aiki a shafin wani kamfanin Amurka mai ƙera kayan soja, ko minti goma ba a yi ba aka ce ban dace ba. Kwana uku bayan haka wani ya tuntuɓe ni ta WhatsApp da sunan kamfanin, wai in tura naira 180,000 ta takardar tantancewar tsaro da hoton fasfona. Hoton na tura, kuɗin ban tura ba. Ina mafita?

Amsa: Malam, da alama babu ɗan Adam ɗin da ya duba takardunka. Irin waɗannan shafuka suna da tambayoyin da na'ura ke tankaɗe masu nema da su, babbarsu ita ce: kai ɗan ƙasar Amurka ne ko kana da katin zama na dindindin? Dokar ITAR ta Amurka ta hana a nuna wa baƙo bayanan fasahar makamai sai da izinin gwamnati, aikin da ke buƙatar tantancewar tsaro kuwa na 'yan ƙasa ne. Da ka danna "a'a", magana ta ƙare. Kada ka koma ka danna "e". Fasfo za su nema, ƙaryar kuma ta zauna a rumbunsu da sunanka.

Kai ƙara kotu a kan wannan ɓata kuɗi ne, domin babu kwantiragi tsakaninku. Abin da kake da shi shi ne Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023: sashe na 34 ya ba ka damar neman a goge bayananka, na 37 kuma ya ba ka damar ƙalubalantar hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke, ka nemi mutum ya duba. Ana kai koke ga NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa, sai dai tilasta wa kamfanin da ba shi da ofis a Najeriya jan aiki ne.

Na WhatsApp ɗin nan kuwa ɗan damfara ne. Takardar tantancewar tsaro ba a sayenta, mai nema ma ba ya neman ta da kansa. Kamfani ne ke gabatar da wanda ya riga ya yi wa tayin aiki, gwamnatin Amurka ta yi binciken. Karɓar kuɗi da sunan aikin bogi laifi ne a Dokar Zamba ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20, yunƙurin ma laifi ne. Kada ka goge hirar. Ka ɗauki hotonta yadda lambar wayar, kwanan wata da lambar asusun da ya ba ka za su fito, ka buga a takarda, ka haɗa da koke a rubuce zuwa ofishin EFCC na shiyyar Gombe, ka karɓi kwafi mai hatimi. A koken ka faɗi ranar da ka tura hoton fasfon. Wannan kwafin ne zai wanke ka idan wata rana aka buɗe asusu da sunanka.

In aikin kake so da gaske, ka duba gida: akwai DICON a Kaduna, kamfanin ƙera kayan tsaro na gwamnatin tarayya, da aka kafa a 1964 aka kuma sabunta dokarta a 2023, da kamfanoni masu zaman kansu irin Proforce a jihar Ogun. Ka shiga ta shafin kamfanin da kanka, ba ta mahaɗin da aka turo maka ba, ka kuma bincika rajistarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sunanka ya zama iri ɗaya a NIN, takardar makaranta da ta hidimar ƙasa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da tantancewa. Duk dillalin da ya ce zai kai ka waje, nemi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kafin ka miƙa masa ko takarda ɗaya.