Ku Tambaya Mu Amsa: Takalmin gudu da yadda yake canza takun mutum

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin da suka shigo wannan makon kusan duk a kan takalmi ne, na ga alama tunda sanyi ya shigo mutane suka fara fitowa sassarfa bayan sallar asuba, ƙafafu kuma suka fara kawo ƙara. Na ɗauki guda huɗu, ta farkon ita za ta fi cin wuri don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Malam barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaci ne a Kano shekarata 38, likita ya ce in rage ƙiba saboda jinina ya fara hawa shi ne na fara gudu da safe yau wata uku kenan kamar kilomita 4 zuwa 5 a kan kwalta, da wani tsohon kambas na fara daga baya na shiga wajen 'yan gwanjo na sayi wani mai tudun soso sosai a diddige, to wallahi tun daga nan gwiwata ta dama take ciwo ta gaba musamman in zan sauko daga bene ko na daɗe a zaune, abokina ya ce wai da diddige nake sauka shi ya sa. Dan Allah takalmin ne ko ni ne ban iya gudu ba?

AMSA: Ɗan'uwa sannu, Allah ya ƙara lafiya, kuma ka yi ƙoƙari da ka riƙe abin har wata uku. Amsar ita ce duka biyun suna da hannu, don takalmi da taku tare suke aiki, in ka canza ɗaya ɗayan ma sai ya motsa.

Bari in fara cire maka damuwa a kan maganar abokinka. Sauka da diddige ba laifi ba ne, mafi yawan masu gudun nesa da diddige suke sauka har da wasu manyan 'yan gasa. Inda matsalar take shi ne a INA ƙafar take sauka. In kana miƙa ƙafa can gaba da jikinka, gwiwa a miƙe sambal, diddige ya daki kwalta, to kowane taku kamar ka taka birki ne, kuma gwiwa ce take shanye dukan. Mai gudu babu takalmi ba zai iya yin haka na tsawon lokaci ba saboda diddigensa zai yi zafi, dole ya gajarta taku. Amma takalmi mai tudun soso yana ɓoye maka wannan zafin, sai ka yi ta wurga ƙafa gaba hankali kwance ba ka ji komai a diddige ba, gwiwa kuwa tana ji.

Akwai wani abu da masu ƙera takalma suke kira dirof, wato bambancin tsayi tsakanin soson diddige da soson gaban ƙafa. Takalman gudu da aka saba da su suna da milimita 10 zuwa 12, akwai masu 4 zuwa 6, akwai kuma waɗanda babu bambanci sam gaba da baya ɗaya, kamfanin Altra da irin waɗannan ya yi suna. Mai dirof da yawa yana sauƙaƙa wa agara da sharaɓa aiki ya tura nauyin sama wajen gwiwa da ƙugu, mai ƙarami kuma yana rage wa gwiwa ya ɗora wa agara, sharaɓa da tafin ƙafa. Wannan nake so ka riƙe da kyau, takalmi ba ya ɓatar da nauyin jikinka, wurin sauke shi kawai yake canzawa. Shi ya sa nake jin takaici in na ji mai shago ya ce wa mutum wannan takalmin yana maganin ciwon gwiwa, mutum ya saya ya koma bayan sati uku da ciwon agara.

Abin da za ka gwada tun kafin ka kashe ko sisi: gobe in ka fita ka ƙirga takunka na minti ɗaya, ka ƙirga na ƙafar dama kawai sai ka ninka biyu. In ka samu kamar 150 zuwa 160 to ka ɗan ƙara yawan takun ba tare da ka ƙara sauri ba, wato taku gajeru da yawa maimakon dogaye kaɗan. Wani bincike da Bryan Heiderscheit ya jagoranta a jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2011 ya nuna ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari yana rage nauyin da gwiwa take ɗauka. Za ka ga ana ta yawo da lamba 180 a intanet, asalinta daga wani koci ne Jack Daniels da ya ƙirga takun 'yan gasar Olamfik ta 1984, waɗannan kuwa gudun gasa suke yi, kar ka matsa wa kanka sai ka kai can. In kana 156 ka nemi 164 ya ishe ka. Ka kuma saurari ƙarar ƙafarka, in kana jin fat fat da ƙarfi ka yi ƙoƙarin rage ƙarar, jiki da kansa zai gyara saukar.

Sai maganar gwanjo, wadda na san ita ce gaskiyar yawancinmu don sabon takalmin gudu na ainihi ya yi tsada. Ban hana ba, ana dacewa da masu kyau waɗanda da ƙyar aka taka su. Amma soson tsakiya yana mutuwa bayan kamar kilomita 500 zuwa 800, kuma yana mutuwa ne saman takalmin yana nan fes, balle an wanke an goge. Abin da ya fi damuna ma shi ne soson ya riga ya kwanta daidai da takun mai shi na farko, in shi yana karkata ciki to kai ma zai ja ka ciki. Ka ɗora takalmin a kan tebur ka duba shi ta baya, in ya jirkice gefe ɗaya ka ajiye. Ka duba gefen soson, in ya yi tamoji da yawa kamar fatar tsoho ya gaji. Ka cire shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa, mai rai yana dawowa, matacce kuwa ko dai ya yi tauri ko ya lotsa ya zauna. Ka juya ƙasan ka ga ko robar ta cinye a gefe ɗaya. Naka da ke gida ma ka yi masa wannan gwajin yau. Kuma dan Allah a daina shanya takalmin gudu a kan kwano da rana tsaka ko a bar shi a but ɗin mota, zafi yana lalata soso da gam.

Ka rage nisan zuwa rabi na sati biyu, in akwai fili mai ƙasa kusa da kai ka riƙa haɗawa da shi. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ciwon bai ragu ba, ka je asibiti a duba kar ka tsaya jiran takalmi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni mace ce daga Kaduna tafin ƙafata a shimfiɗe yake babu lanƙwasa ko kaɗan, wani mai shago ya sa na jiƙa ƙafa na taka kwali ya ce dole sai takalmi mai tauri ta ciki wanda zai hana ƙafata karkata, na gwada shi amma gaskiya matse ni yake kamar na taka dutse. In daure in saya?

AMSA: Ƙanwata kar ki saya. Wannan gwajin na jiƙa ƙafa an daɗe ana yinsa har a manyan shaguna na Turai, amma da aka gwada shi da gaske bai tsaya ba. Rundunar sojan Amurka ta yi binciken a kan dubban kurata, Joseph Knapik ne ya jagoranta, aka ba wasu takalmi daidai da siffar tafin ƙafarsu wasu kuma aka ba su iri ɗaya ba tare da duba ƙafa ba, da aka gama horo yawan raunin bai bambanta ba. Karkatar ƙafa ciki kaɗan lokacin sauka ma hanya ce da Allah ya yi wa ƙafa ta rage duka. Benno Nigg na jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin takalma, a 2015 ya kawo shawarar cewa jin daɗin takalmi a ƙafa shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a bi. To ke ƙafarki ta riga ta ba ki amsa.

In za ki saya ki je da yamma don ƙafa tana ɗan kumbura zuwa lokacin, a gudu ma haka take yi. Ki tafi da safar da za ki riƙa gudu da ita. Ki sa duka biyun ki miƙe tsaye, yawancin mutane ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, ki bi babbar. Tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmin a samu wuri kamar faɗin babban yatsan hannu, in babu wannan farce ne zai yi baƙi ya fita. Diddige ya zauna daram kar ya riƙa zamewa, yatsu kuma su samu wurin bajewa. Mu da muka tashi da silifas ƙafarmu ta gaba tana da faɗi, takalman mata kuma ana yinsu da ɗan matsi fiye da na maza, saboda haka in na maza ne ya zauna miki ki ɗauka babu komai. Ki ɗan yi sassarfa a gaban shagon ko taku ashirin ne, mai shagon da ya hana ki wannan ki wuce gaba. Kuma kar ki yarda da zai saki in kin sa shi kwana biyu, takalmin gudu in bai yi daɗi ranar farko ba da wuya ya yi daga baya. Tunda hunturu ne ki riƙa shafa man kaɗanya a diddige da dare, faso yana sa mutum ya canza taku bai sani ba.

TAMBAYA: Yaya ina wuni, ni ɗalibi ne a Jos ina gudun kilomita 10 kuma burina in shiga gudun fanfalaki na Legas, ina ganin takalman nan masu farantin kabon a ciki irin na Kipchoge, da gaske suna ƙara gudu ko talla ce?

AMSA: Ƙanena da gaske ne. Nike Vaporfly da ya fito kasuwa a 2017 an gwada shi a jami'ar Colorado aka ga yana rage ƙarfin da mai gudu yake kashewa da kusan kashi 4 cikin ɗari, soso ne mara nauyi mai dawo da ƙarfi sosai da farantin kabon mai tauri a tsakiya. Da irin wannan zuriyar Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Biyana babban birnin Ostiriya a 2019, abin da ya sa a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka cewa kaurin takalmin gasar titi kar ya wuce milimita 40 kuma faranti ɗaya kawai. Tigst Assefa 'yar Habasha ta gama gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 11 da sakan 53 a Balin ta Jamus a 2023 da wani Adidas da kuɗinsa dala 500 ne.

Amma ka lura da yadda yake taɓa taku. Farantin yana hana yatsu lanƙwasawa, ƙasan kuma a gantsare yake yana mirgina ka gaba, sannan ga tsayi, idon sawu yana aiki sosai kafin ya daidaita ka musamman a kwana ko hanya mai gargada. Ba a yi shi don atisayen kullum ba kuma yana saurin mutuwa. Jabunsa ma sun cika kasuwa, kamannin ne kawai babu soson babu farantin. Kai da kake Jos kana da abin da wasu suke biyan kuɗi su nema, tudu sama da mita 1,200 da sanyi da hawa da sauka. Ka samu takalmin atisaye mai sauƙin nauyi wanda ya zauna maka, nauyi yana da tasiri don duk giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana cin kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinka. In Allah ya hore maka mai kabon daga baya ka yi gudu da shi sau uku ko huɗu kafin ranar gasa, kar ranar ta zama ranar farko.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne shekara 61 daga Maraɗi, muna yara babu takalmi muke gudu har gona ba mu san ciwon gwiwa ba. Ba gara a koma haka ba?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, maganarka tana da tushe. Abebe Bikila na Habasha babu takalmi ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960, kuma a 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya nuna waɗanda suka tashi suna gudu ba takalmi, irin yaran da ya duba a Kenya, sun fi sauka da gaban ƙafa kuma dukan farko yana zuwa musu da sauƙi. Bayan wannan mutane da yawa a Amurka suka ruga sayen takalma marasa soso, wasu suka samu ciwon agara da tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa saboda sun canza dare ɗaya, har kamfanin Vibram mai ƙera irin waɗannan takalma ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a 2014 kan alƙawuran lafiya da ya yi a tallarsa. Shi Bikila ma da ya sake ci a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi.

Ƙafar da ta shekara arba'in a cikin takalmi ba ita ce ta yaron nan mai zuwa gona ba Baba, kuma kwalta da fasassun kwalabe ba ƙasar gona ba ce. In kana sha'awa ka fara da tafiya kawai a kan yashi mai tsabta minti biyar, sau biyu a sati, ka ƙara kaɗan kaɗan cikin watanni, in sharaɓa ko agara ta yi tsami ka huta. In kuma kana da ciwon suga to kar ka fita ko tsakar gida babu takalmi, don ƙaya ko ƙusa za ta iya shiga ba ka ji ba, kuma duk dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu kafin ka kwanta.